Kogon da Wata Ke Riƙe da Makullinsa

Aminu: Assalamu alaikum jama'ar gida. Masu cigiyata saboda kwana huɗu ba a ji ɗuriyata ba, ga ni da raina. Taro makarantarmu ta tura mu Fuket, a kudancin Tailan, maƙwabciyar Maleshiya inda nake karatu. Da aka tashi taron sai muka samu yini guda babu abin yi, muka bi jirgin ruwa zuwa wani sashe na teku da ake kira Fang Nga. Tsibirai ne sama da 40, kowanne dutse ne guda a tsaye cikin ruwa kamar rumbu, kansa duk itatuwa. Tun 1981 gwamnatinsu ta killace wurin. Wanda muka shiga sunansa Ko Fanak. Na ce "shiga" ne don da gaske cikinsa muka shiga, ba kansa muka hau ba. Ga hotuna nan.

Sabo: Dakta, kai da ko rafin bayan makaranta ba ka iya tsallakewa sai an goya ka? Hoton nan haɗa shi aka yi.

Aminu: Taubashi, hassada ga mai rabo taki. Bari in ba da labari.

Babban jirgin ba ya matsawa kusa da dutsen. Daga nesa yake tsayawa, a sauke ƙananan kwale-kwale na roba da ake hura wa iska, kowanne mutum biyu da matuƙi. Ana zuwa gindin dutsen na duba ban ga ƙofa ba, sai wata 'yar tsaga baƙa a saman ruwa, tsayinta bai fi tagar ɗakin kaji ba. Matuƙin ya ce mu kwanta rigingine, hannu a ƙirji. Muka kwanta kamar gawa. Ya tura mu ciki.

Duhun ciki ba irin duhun daren da babu wata ba ne, wanda idonka ke sabawa da shi. Wannan ko ka buɗe ido ko ka rufe duk ɗaya. Tocila ce ɗaure a goshin matuƙin. Inda rufin ya ɗaga sai ka ga duwatsu sun rataye daga sama kamar hantsar saniya, ruwa na ɗiga daga bakinsu, jemagu maƙale rututu, ga warin kashinsu har cikin maƙogwaro. Inda ya sauko kuwa, ƙumba ce manne da dutsen, kaifinta kamar aska, tana wucewa dab da hancinka. Can sai haske ya ɓullo. Muka fito wani fili a tsakiyar tsibirin, ruwa kwance lumui, dutse ya kewaye shi kamar ganuwa, sama a buɗe. Daga waje ba za ka taɓa sanin akwai shi ba. Su suna ce masa "hong", wato ɗaki a yarensu. Ko iska ba ta motsi. Akwai birai masu cin ƙaguwa, da itatuwan da saiwarsu ke tsaye a waje kamar ƙafafun gizo.

Malam Ilu: Subhanallah. Tsarki ya tabbata ga Mai halitta.

Yaya Hadiza: Aminu, karatu aka tura ka ko shiga rami? Inna ba ta san wannan ba, ko?

Nura: Yaya Aminu, na karanta wa Baffa Ado, ya ce in rubuta maka haka ba ragi ba ƙari: "Wannan ganganci ne. Mutum da mata da 'ya'ya uku ya kwanta cikin balan-balan ya shiga ƙarƙashin dutse, a ruwan da bai san zurfinsa ba, a ƙasar da ba shi da dangin iya ba shi da na baba. In da abin ya zo da tsautsayi, wa zai je ya ɗauko shi?"

Aminu: Nura, ka gaishe min da Baffa, ka ce Allah ya huci zuciyarsu. Ba mu kaɗai ba ne, kullum ana shiga da mutane, kuma kowa da rigar kariya daga nutsewa. Ba sa barin ka sa ƙafa a kwale-kwalen sai ka ɗaura ta.

Sabo: Ni tambayata ɗaya ce. Ka ce ƙofar kamar tagar kaji. To me ya hana su sa guduma su faɗaɗa ta, kowa ya shiga a zaune kamar mai mutunci?

Malama Rabi: Sabo, ƙofar ba girma ɗaya gare ta ba, nan ne abin yake. Teku ba kamar tafki ba ne. Kusan sau biyu a kwana guda yake cika ya janye, tsakanin cika da janyewa awa shida da 'yan mintoci. A wannan yankin bambancin yakan kai mita biyu, wani lokaci har wajen uku. Idan ya cika, ƙofar na ƙarƙashin ruwa gaba ɗaya. Idan kuma ya janye ƙwarai, wasu kogwannin sai taɓo, kwale-kwale ba ya wucewa. Tsakanin nan ne ake samun ɗan lokacin shiga da fita.

Sabo: Wa ke cika shi? Dam suke buɗewa?

Malama Rabi: Wata ne ke jan ruwan, rana na taya shi. Kun san yadda wata ke jinkirin fitowa kowane dare bayan sha huɗu, jiya bayan magariba, yau kusa da isha? Jinkirin nan wajen minti 50 ne a kullum, kuma haka cikar teku ke jinkirtawa. Lokacin tsayuwar wata da daren sha huɗu, wata da rana suna ja a layi ɗaya, cikar ta fi yawa, janyewar ma ta fi yawa. Wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu abin yakan lafa. Shi ya sa mutanen bakin teku ke da jadawalin ruwa kamar yadda muke liƙa na lokutan salla a bangon masallaci.

Aminu: Malama kin faɗi daidai. Matuƙinmu Musulmi ne, da ya ji sunana sai ya yi min sallama. Na tambaye shi yadda yake sanin lokaci, ya ce jadawali na wayarsa, amma kafin waya ubansa kwanan wata yake ƙirgawa.

Kawu Garba: Ni an haife ni a gidan masunta, a bakin kogin Haɗejiya na yi wayo, na yi fito shekara da shekaru kafin aure ya dawo da ni tudu. Ban taɓa ganin wata ya ɗaga ruwa ba. Ruwa na ƙaruwa in an yi sama, ko in an saki Tiga da Challawa. In wata na ja, me ya sa bai ja namu ba?

Malama Rabi: Kawu, yana ja, amma ruwan ne bai kai ya nuna ba. Ko dam ɗin Tiga da girmansa, in aka gwada shi da teku kamar ruwan buta ne. Sai ruwa ya yi faɗin dubban kilomita sannan jan ke taruwa har ido ya gani.

Kawu Garba: To na ji, ban ce na yarda ba. Amma abu ɗaya na gane a labarin, yaron nan mai tuƙi shi ne Sarkin Ruwan wurin. Mu ma a da ba a shiga gurbi sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Mutane na ɗauka duk tsafi ne, alhali rabinsa sanin wuri ne: ina ne rami, ina ruwa ke juyi, wane wata kada ke da ƙwai ya fi faɗa.

Yaya Hadiza: Ku dakata. Aminu, hoto na huɗu, wanda kake riƙe da kwakwa. Mene ne wannan farin a hannunka na dama? Kuma ina hularka da kake sanye da ita a hoton farko?

Sabo: Kai! Yaya Hadiza da ɗan sanda aka yi ki.

Aminu: Ba wani abu ba ne Yaya, ɗan ƙwarzane ne.

Yaya Hadiza: Ɗan ƙwarzane ake naɗe wa bandeji har wuyan hannu? Ni na yi goyonka, na san muryarka in kana ɓoye abu ko a rubuce ne.

Aminu: To shi ke nan, tunda an kama ni. Laifina ne, ba na kowa ba.

Da muka shiga filin nan na ciki, matuƙin ya ce minti goma za mu yi. Ni kuwa na ga wani kifi da ya ɗauke min hankali, ɗan ƙarami, idanunsa a saman kai kamar na kwaɗo, ya fito kan taɓo yana tafiya da fukafukansa, har yana hawa saiwar itace. Na ce sai na ɗauko wa Kawu Garba bidiyonsa. Matuƙin ya ce mu tafi, na ce saura kaɗan. Ya nuna min wani layin ƙumba a jikin dutse da muka tarar a bushe, ga shi ruwa ya fara lasarsa. Na sake cewa saura kaɗan. Bai ƙara min magana ba, ya juya kwale-kwalen kawai. Ni har na ji haushi a raina, na ce yaro ƙarami, kuma kuɗina na biya.

Da muka zo bakin ƙofar sai jikina ya yi sanyi. Tsagar da muka shigo ta rage kusan rabi. Ya sassauta wa kwale-kwalen iska don mu ƙara nutsewa ƙasa, ya kwanta shi ma, ya ajiye filafilin, da tafin hannu yake tura rufin muna tafiya kaɗan-kaɗan. Ina jin numfashina na dawo min daga dutse. A wuri mafi matsi wata 'yar igiyar ruwa ta ɗaga mu, na firgita na kai hannu in kare fuskata, ƙumba ta yanke ni. Hular kuwa tana can, ta zama ta jemagu. A jirgi aka wanke min ciwon aka ɗaure, da muka koma gari aka yi min ɗinki uku.

Nura: Baffa ya ce: "Ai ga irinta nan."

Malam Ilu: Alhamdu lillahi da abin ya tsaya a hannu. Amma Alhaji Ado, a yi min izini in ɗan saɓa muku. Tafiyar kanta ba laifi ba ce. Allah ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ya fara halitta, yana cikin Suratul Ankabut. Ayar da ta hana jefa kai ga halaka kuma tana nan cikin Baƙara, ba ta goge waccan ba. Inda Aminu ya kauce shi ne "saura kaɗan" ɗin nan har sau biyu, ga wanda ya fi shi sanin wurin yana ce masa a tafi. Shi kogo kuwa ba baƙonmu ba ne. A kogon Hira wahayi ya fara sauka, a kogon Saur Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fake da Sayyidina Abubakar, Ashabul Kahfi kuma shekara 309 suka yi a nasu.

Sabo: Allah gafarta Malam, su dai nasu kogon babu ruwa a ciki.

Malam Ilu: Sabo, ka fara zuwa karatun asuba sannan mu yi muhawara.

Shu'aibu: Ba a Tailan ɗin nan ba ne yara 'yan ƙwallo suka maƙale a kogo? Na tuna muna bin labarin a rediyo.

Malama Rabi: Can ne, amma a arewacin ƙasar, nesa da teku. Kogon Tam Luwang, a 2018. Yara 12 da kocinsu suka shiga ranar 23 ga Yuni, ruwan sama ya cika hanyar a bayansu. Sai bayan kwana tara masu ninƙaya daga Ingila suka gano su, ba a gama fito da su ba sai 10 ga Yuli, kuma wani tsohon sojan ruwan ƙasar ya rasu wajen aikin ceton. Bambancin shi ne ruwan sama ba ya da alƙawari, na teku kuwa yana da shi. Da ƙofar ta rufe su Aminu a ciki, zama za su yi na wasu awoyi cikin sauro har ruwan ya sake janyewa. Haɗarin na ga wanda ya ce sai ya kutsa alhali ta kusa rufewa.

Aminu: Haka matuƙin ya gaya min daga baya. Ya ce da na ƙara minti biyar ba zai gwada fita ba, sai dai jirgi ya jira mu har dare, shi kuma a zaftare masa kuɗin yini. Kunya ta kama ni. Na ba shi abin da ke aljihuna, da ƙyar ya karɓa.

Kawu Garba: Yaron ya yi. Ina ma a ce haka masu fitonmu suke iya juya wa fasinja baya. Ni abin da ke ci min rai ke nan tun da aka fara maganar nan. Ana ta yi wa Aminu faɗa ya shiga ruwa da riga a jikinsa, mutum uku a jirgi. Mu fa? Ranar kasuwa da damina jirgin mutum goma sha biyar ake zuba wa talatin, ga buhuna, ga babur, ga akuya. In mai jirgi ya ce ya isa, a ce ya cika tsoro, ko wani babba ya ce shi ba zai jira sawu na biyu ba. Kun manta Bagwai? Ƙarshen Nuwamban 2021, a dam ɗin Watari, daga Badau za su Maulidi, jirgi ya kife, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Babu kogo a wurin, babu wata mai jan ruwa.

Yaya Hadiza: Allah ya jiƙansu. Wallahi har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Malam Ilu: Amin. Allah ya sa masu ceto ne ga iyayensu.

Nura: Baffa ya yi shiru, sannan ya ce in rubuta: "Garba ya faɗi gaskiya, ni ma na taɓa matsa wa mai fito. Amma wannan dole ce ta kai mu, kasuwa za mu. Shi wace dole ce ta kai shi?"

Aminu: Babu dole Baffa, son gani ne. Kuma ban yi nadamar ganin ba, gardamar da na yi ce ke damuna.

Kawu Garba: Bar wannan. Kifin da ya jawo maka ɗinki, ka samu bidiyon ko a banza ka zubar da jini? Don yadda ka kwatanta shi kamar ɗan'uwan gaiwa ne.

Aminu: Na samu Kawu, zan turo in intanet ya yi ƙarfi. Amma ba gaiwa ba ce. Gaiwa tana shiga taɓo ta yi barcinta har rani ya wuce, wannan kuwa bai fi yatsa ba, kuma yawo yake a sarari. Ruwa yake guntsa a kumatunsa ya fito da shi.

Shu'aibu: Ni kashin jemagun nan nake tunani. Ga taki na tsada. Ba sa kwasa?

Aminu: A wurin da aka killace ba a taɓa komai. Amma abin da ya fi taki kuɗi a kogwannin yankin shi ne sheƙar wani tsuntsu mai kama da tsattsewa. Da yawunsa yake gina ta a jikin dutse, ta bushe ta yi fari. Mutane na hawa da gora cikin duhu su ɓamɓaro, a sayar wa 'yan Sin su yi miya da ita, da tsadar gaske. Wuraren da ake samunta har masu gadi ake sa musu.

Sabo: Miyar yawun tsuntsu. Allah na gode maka da kuka da daddawa.

Shu'aibu: To wai me ya huda dutsen tun farko? Mu ga duwatsu nan birjik daga nan har Dutse, ban ga mai ɗaki a ciki ba.

Malama Rabi: Ba iri ɗaya ba ne. Nasu irin dutsen da ake siminti da shi ne, kamar na Ashaka da Kalambaina. Ruwan sama yana da ɗan tsami kaɗan, yana bin tsaga yana cin dutsen a hankali, shekaru dubbai, har ciki ya zama rami. In rufin ramin ya rufta sai a samu ɗakin nan mai buɗaɗɗen sama. Teku kuma na ƙwaƙular gindinsa daga waje. Namu irin wanda ake fasawa a yi tsakuwa ne, ruwa ba ya narkar da shi haka, sai dai ya tsage, wani ya hau kan wani a samu rumfa.

Amma tunda an zo nan, in yi tambaya. A cikinmu wa ya taɓa zuwa Dutsen Habude ko Dutsen Mesa a Birnin Kudu? Zanen shanu ne a jikin dutse, irin shanun da ba su da tozo, waɗanda yanzu ba a kiwonsu a nan. Tun shekarun 1950 masu bincike suka rubuta labarinsu, har gwamnati ta sa su cikin kayan tarihin ƙasa. Akwai kuma duwatsun da in ka buga suke ƙara kamar ƙararrawa.

Aminu: Malama kin kama ni. A Fang Nga an tsaya da mu gindin wani dutse ana nuna mana tsohon zane da jar ƙasa, kifaye da wasu dabbobi, Turawa na ta ɗauka, ni ma na ɗauka. Na gida kuwa da kuɗin mota bai kai na katin waya ba, ban taɓa takawa ba.

Sabo: Ni na je, amma rakiyar mai neman aure, ban ga saniya ko ɗaya ba.

Malama Rabi: In ka dawo hutun Babbar Salla mu ɗauki 'yan ajina mu je. Kai za ka biya mota, tarar hular da ka bar wa jemagu.

Aminu: Na yarda. Kawu kuma, in na tashi zuwa zan duba ko kayana za su ɗauki rigunan ruwan nan ko guda biyar ne, a ajiye wajen mai fito.

Kawu Garba: A Kano ma ana samu, kada ka biya kuɗin kaya a jirgi. Turo kuɗin in sa a sayo. Sai dai ka sani, sai na tsaya a kansu da kaina, in ba haka ba matashin kai za a yi da su.

Malam Ilu: Aminu, na manta ban tambaye ka ba, a ina kuka yi azahar ranar?

Aminu: A wani ƙauye mai suna Ko Fanyi, Malam. Gaba ɗayansa a kan turaku yake cikin ruwa, jingine da dutse, mutanensa Musulmi masunta, asalin kakanninsu daga Jawa ta Indunusiya. Masallacinsu mai ƙubba ruwan zinare tun daga nesa ake hango shi. Har filin ƙwallo gare su da ke yawo a kan ruwa. Da hannu ɗaya na yi alwala, wani dattijo ya zuba min ruwa.

Yaya Hadiza: To ka adana sauran labarin. Nura ya kai wa Inna wayar, ta ga hoton bandejin. Ta ce ka kira ta yanzu.

Aminu: Yaya, ƙarfe biyun dare ne fa a nan.

Yaya Hadiza: A nan bakwai ce, kuma ta ture kwanon tuwonta gefe. Kira.